Kashi na 23: Ya shiga gida da izini, amma ɗakin wa ya buɗe?

  Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shirin an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau da labarin abin kunya zan fara, kuma nawa ne, ba na wani ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce na gina wa wata makarantar kuɗi a nan Kano manhajar duba sakamakon jarrabawa. Ba zan kama suna ba. Da Laravel na yi aikin. Kowane uba ana ba shi sunan shiga da kalmar sirri, ya shiga ya ga sakamakon ɗansa, a ƙasan shafin kuma ya ga ragowar kuɗin makarantar da ake binsa, in akwai. Malamai su ma suna da tasu ƙofar ta shigar da maki. Na gwada, na ga in ba ka shiga da kalmar sirri ba, ba abin da za ka gani. Na ce alhamdulillah, na karɓi cikon kuɗina na kama gabana.

Ranar da aka saki sakamakon zango na biyu, bayan la'asar, sai ga kiran Hajiya mai makarantar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Injiniya, ya aka yi sakamakon 'yar mutane yake yawo a WhatsApp?" Na ce, "Hajiya, ko iyayenta ne suka tura wa wani?" Ta ce, "Iyayen nata ne ga su zaune a ofishina."

Abin da ya faru ba wani kutse ba ne irin na fim. Wani yaro ne ɗan aji biyar na sakandare ya karɓi wayar babansa ya duba nasa sakamakon. Sai ya lura adireshin shafin da ke sama ya ƙare da lamba 412. Ya goge 2 ya sa 3. Sakamakon wani ya fito. Ya sa 4, na wata ya fito. Shi ke nan, ya zauna ya bi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan wata yarinya da ta faɗi lissafi ya ɗauki hoton shafin ya watsa a gurup ɗinsu. Faɗuwar lissafin ba ita ta fi yi wa mahaifin yarinyar ciwo ba. Layin nan na ƙasa ne, wanda ya nuna ana binsa kuɗin zango biyu. Unguwa ɗaya suke da yawancin iyayen.

An hukunta yaron, kuma ya cancanta. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na bar ƙofar.

To mene ne ainihin kuskuren? Tambayoyi biyu ne kowace manhaja take yi wa mai amfani da ita, ni kuma na amsa ɗaya na ɗauka na amsa duka. Ta farko ita ce, wane ne kai? Wannan ita ce tantancewa, wato sunan shiga da kalmar sirri. Ta biyu ita ce, to mun san ka, amma an yarje maka ka taɓa wannan abin? Wannan shi ne izini. Ku ɗauki gidan haya mai ɗaki ashirin. Maigadi ya san fuskar duk 'yan gidan, baƙo ba ya wucewa. Amma ɗakunan ciki ba ko ɗaya mai kwaɗo. Duk wanda maigadi ya bari ya wuce, zai iya tura ƙofar kowa. Gidan da na gina ke nan. Kuma Laravel ya sauƙaƙa mini faɗawa ramin, don yana da wata dabara mai daɗi: ka sa lamba a adireshi, shi da kansa zai je rumbun bayanai ya ɗauko abin da ke da wannan lambar ya miƙo maka. Ba ya tambayar na wane ne, sai in ka ce ya tambaya.

Kada wani ya ce ai wannan kuskuren 'yan koyo ne. Akwai ƙungiyar OWASP da ke fitar da jerin manyan matsalolin tsaro goma na manhajojin intanet. A jerin 2021, matsalar izini ce ta tashi daga ta biyar ta koma ta ɗaya. A watan Mayun 2019 kuma, ɗan jaridar nan Brian Krebs ya bankaɗo yadda wani babban kamfanin inshorar gidaje a Amurka, First American, ya bar takardu kusan miliyan 885 a buɗe, wasu tun na 2003, har da lambobin asusun banki da hotunan lasisin tuƙi. Ta wace hanya? Ka samu adireshin takarda ɗaya, ka sauya lamba, ta wani ta fito. Nasu ma ya fi nawa muni, don ko kalmar sirri ba a tambaya. Na faɗi wannan ne don ku san girman abin, ba don in wanke kaina ba.

A daren nan abu biyu suka fara zuwa mini a rai, kuma duka biyun ba magani ba ne. Na farko, in sauya lambobin su zama dogaye masu wuyar cinka, irin waɗanda ake kira UUID. Yana da amfaninsa, yaro ba zai iya ƙirga 412, 413 ba. Amma adireshi abu ne da ke yawo. Uba zai tura wa ƙaninsa, ƙanin ya tura a gurup, duk wanda ya samu ya shiga. Ɓoye lambar ɗaki daban, sa kwaɗo daban.

Na biyu, in duba matsayi. In uba ne a bar shi, in malami ne a bar shi. To ai nan ne gizo ke saƙar. Yaron nan da asusun uba ya shiga, matsayinsa daidai ne. Akwai laburare mai kyau na kamfanin Spatie da mutanenmu ke yawan sa wa Laravel don raba matsayi da izini, ni ma ina amfani da shi. Zai gaya maka cewa uba yana da damar duba sakamako. Ba zai gaya maka sakamakon wane yaro ba, wannan kai za ka rubuta.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wato rubuta ƙa'idar izini. Laravel yana kiranta Policy, kuma tun 2015 take cikinsa, tana zaune tana jirana. Tunanin mai sauƙi ne. Kowane irin abu da ke cikin manhajarka, sakamako ne, rasit ne, bayanin ɗalibi ne, ka ware masa fayil guda. A cikin fayil ɗin kowane aiki yana da nasa ɗan hukuncin: dubawa, ƙirƙira, gyarawa, gogewa. Kowane hukunci ana miƙa masa abu biyu, mutumin da ke nema da ainihin abin da yake nema, shi kuma ya dawo da e ko a'a. Ba "uba zai iya duba sakamako?" ba. "Wannan uban zai iya duba wannan sakamakon?" Nawa hukuncin layi ɗaya ne: in ɗalibin da ke da sakamakon yana cikin 'ya'yan da aka rubuta a ƙarƙashin wannan mutumin, to e. In ba haka ba, a'a. Layi ɗaya fa, jama'a. Shi ne tsakanina da zaman da iyayen nan suka yi a ofishin Hajiya.

Wani zai ce ai zan iya rubuta wannan sharaɗin kai tsaye a inda nake ɗauko sakamakon, me ya sa sai na ware masa fayil? Za ka iya. Amma sakamako ba wuri ɗaya ake ɗauko shi ba. Akwai shafin dubawa, akwai na bugawa a takarda, akwai wanda manhajar waya ke kira. In ka warwatsa sharaɗin wuri biyar, ranar da doka ta sauya za ka gyara huɗu ka manta ɗaya. In wuri ɗaya yake, duk sauran tambayarsa kawai suke yi.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne na koyi abin da ba a rubuta a littafin Laravel ba. Da na zauna zan rubuta hukuncin gyara maki, sai na ga ban san amsar ba. Malami zai iya gyara maki, to. Na kowane aji? Na kowane darasi? Malamin Turanci zai iya taɓa makin lissafi in shi ne malamin ajin? Bayan an saki sakamako fa, har yanzu zai iya? Malamin da ya bar aiki a tsakiyar zango, wa ke rufe masa ƙofa? Waɗannan ba tambayoyin injiniya ba ne. Na ɗauki biro da takarda na koma wurin Hajiya.

Mun fi awa biyu. Na ce, "Hajiya, in iyayen yaro sun rabu, yaron yana wurin uwa amma uba ke biyan kuɗi, wa zai ga me?" Ta yi shiru, ta ce su biyun su ga sakamako, amma maganar kuɗi mai biya kaɗai. Na ce, "In kawu ne ke riƙon yaron fa?" Ta ce wanda ya sa hannu a fom ɗin shiga shi ne waliyyi a wurinsu. Na ce mai karɓar kuɗi fa, yana buƙatar ganin maki? Ta ce me zai yi da shi. To ka ga a tsohuwar manhajar yana gani, don na zuba duk ma'aikata a kwando ɗaya. Duk waɗannan dokokin suna nan a makarantar tun kafin a san ni, a kan Hajiya suke da kan mataimakinta. Ba wanda ya taɓa rubuta su, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na tambayi kalar da take so a shafin farko, ban tambayi wa zai ga bashin wa ba.

Sai muka zo kan ita kanta. A Laravel akwai wata ƙofa a cikin Policy mai suna before, wadda ake bi kafin kowane hukunci. Yawancinmu abin da muke sawa a ciki shi ne, in shugaba ne a bar shi ya yi komai. Yana rage rubutu. Amma ku lura, komai yana nufin komai, har da sauya makin da aka riga aka saki ba tare da kowa ya sani ba. Na ce, "Hajiya, ina ba da shawara ke ma kada ki iya gyara maki bayan an saki, sai an sake buɗe zangon, kuma manhaja ta rubuta wanda ya buɗe da lokacin." Ta kalle ni ta ce, "Makarantar tawa?" Na ce, "Taki ce, Hajiya. Amma kalmar sirrinki tana hannun mutum nawa?" Ta yi dariya, ta ƙirga uku da yatsu. Ta yarda. Wani ƙaramin abu ga masu rubuta before ɗin nan: in mutum ba shugaba ba ne, kada ku dawo da a'a, ku bar shi ba amsa don a wuce zuwa hukuncin gaba. In kuka dawo da a'a, kun kulle kowa a waje. Na taɓa yi, malamai suka wuni suna kirana.

To an rubuta ƙa'ida, an gama? Ina! Ƙa'idar ba ta tashi da kanta ta tsare ƙofa. Sai ka kira ta. Kuma akwai kiran da ke yaudara. A shafin da mutum ke gani, kana iya cewa in ba shi da izini kada a nuna masa maɓallin gogewa. Da kyau, amma wannan kwalliya ce. Wanda ya san adireshin zai aika buƙatarsa kai tsaye zuwa saba, ba ruwansa da maɓalli. Dole a can inda ake aikin a sake tambaya. A Laravel ana yi da Gate::authorize, ko a ɗaura shi a kan hanyar shafin tun daga waje. In ka manta ka kira, ba abin da zai yi ƙara. Shafin zai buɗe lafiya lau, kowa ya ji daɗi, har ranar da wani yaro zai goge 2 ya sa 3.

A nan ina jinjina wa mutanen Ruby on Rails. Suna da laburare mai suna Pundit, tsarinsa kusan ɗaya da wanda na bayyana, amma yana da wani abu da ake kira verify_authorized. In ka kunna shi, duk shafin da ya gama aikinsa ba tare da an tambayi izini ba, manhajar za ta fashe da kuskure a gabanka tun kana gwaji. Wato sun san mutum mai mantuwa ne, sai suka sa mantuwar ta yi ihu. Ni a nawa aikin, abin da na koma yi shi ne rubuta gwaji ga kowane shafi: in ƙirƙiri uba biyu, in sa na farko ya nemi kayan na biyu, in tabbatar an hana shi. Mu da yawa gwajin da muke yi shi ne mai izini ya samu shiga. Na marar izini an kore shi, shi ne ba ma yi.

Akwai rami na biyu, kuma na faɗa shi ma, sai dai wannan karon ni na gano kafin wani ya gano. Ƙa'idar da na rubuta tana aiki ne a kan abu ɗaya: wannan mutum, wannan sakamako. To shafin da ke jero abubuwa da yawa fa? Akwai maɓallin da malami ke dannawa ya sauke makin ɗalibai a takardar Excel. Na tsare shi da cewa sai malami. Wata rana ina duba wani abu daban, na danna da asusun malamin firamare, sai ga makarantar gaba ɗaya ta sauko, har da 'yan ajin ƙarshe da lambobin wayar iyayensu. Gabana ya faɗi. Jeri ba a tsare shi da e ko a'a, tacewa ake yi tun daga rumbun bayanai, a ce ɗauko mini na ajujuwan wannan malamin kaɗai. Pundit ya ware wa wannan wuri na musamman a cikin fayil ɗin ƙa'idar, suna kiransa Scope. Masu Django ku ma ku kula. Izinin da Django ke zuwa da shi na nau'in abu ne gaba ɗaya, ba na abu ɗaya-ɗaya ba, shi ya sa wasu ke ƙara django-guardian. Kuma a Django REST framework, hukuncin da ka rubuta na abu ɗaya ba a kiransa a shafin jeri, su da kansu sun rubuta haka a bayanansu. Sai ka tace da hannunka.

Wani ɗan abu kuma. In an hana mutum, amsar da aka saba mayarwa ita ce 403, wato akwai abin amma ba naka ba ne. Wani lokacin wannan ma tona asiri ne. In na nemi takardar ladabtarwa ta ɗalibi mai lamba kaza aka ce mini an hana, ai na san akwai ta ke nan. Shi ya sa GitHub, in ka nemi ma'ajiyar wani ta sirri, 404 yake ba ka, kamar babu ita a duniya. Laravel ma yana da hanyar yin haka daga cikin Policy. Ba ko'ina ake buƙata ba, amma a kan abin da wanzuwarsa kanta sirri ce, ku yi.

Na san akwai waɗanda za su rubuto su ce ban ambaci manyan kaya ba. Na sani. Google sun fitar da takarda a 2019 a kan tsarinsu mai suna Zanzibar, wanda ke riƙe izinin Drive da YouTube da sauransu, inda komai ke tafiya a kan alaƙa: wane ne mai wannan, wa ya raba wa wa. Daga nan aka samu irin su OpenFGA da SpiceDB. Akwai Open Policy Agent, akwai Casbin. Duk suna da ranarsu, musamman in manhajoji da yawa ne ke buƙatar doka ɗaya. Amma in makaranta ce, ko kemis, ko ƙungiyar adashi, ra'ayina shi ne kada ka ɗauko tirela don buhu ɗaya. Abin da ke cikin Laravel ɗinka ko Rails ɗinka ya isa, in dai ka kira shi a kowace ƙofa.

Kuma ku tuna yanzu ba zamanin a ba da haƙuri a wuce ba ne kawai. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Bayanan yara kuwa sun fi komai nauyi. Wanda ya ba ka aiki zai iya shiga matsala saboda layin da ka manta.

Ni dai gyaran ya ci mini kusan mako biyu, kuma ban karɓi ko sisi ba, da wane ido zan nema. Na roƙi Hajiya ta haɗa ni da mahaifin yarinyar, na je har shagonsa na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba komai, ɗana, Allah ya kiyaye gaba." Ya sa aka kawo mini lemo. Da zangon ya ƙare ya cire 'yarsa ya kai ta wata makarantar.

Aikin gida na wannan makon: ka buɗe manhajar da kai ka gina, taka fa, ba ta wani ba, kada wani ya je ya ce ni na aike shi. Ka ƙirƙiri asusu biyu. Ka shiga da na farko, ka kwafi adireshin wani abu nasa, ka fita, ka shiga da na biyu ka liƙa. Sannan ka gwada duk inda ake saukar da Excel ko PDF. Abin da ka gani ka rubuto mana a ƙasa, ba sai ka faɗi sunan wurin ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar ajiye tarihin wanda ya yi me a cikin manhaja, wato abin da na yi wa Hajiya alkawari a kan buɗe zango. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.